Rasuwar Baturiya, Kwamfutar Da Na Koya Wa Ƙarya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta rasa 'yar kunya a gefe guda ba, ni Salahuddeen Lado, mai shagon gyaran hoto da katin biki a bayan tashar Rano, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk masu hulɗa da shagon nan rasuwar abokiyar aikina, kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da Baturiya. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin Mato mai gyara, bayan jinyar kwana uku. Shekarunta a hannuna huɗu da wata biyar. Waɗanda ta yi kafin ta zo hannuna kuwa, wanda ya sayar mini ya ce biyu ne, Mato da ya buɗe cikinta ya ce a ƙara takwas.

Marigayiya 'yar asalin Turai ce, ta zo ƙasar nan cikin kayan gwanjo. Madannanta ma ba irin namu ba ne, inda ka saba samun wannan harafi sai ka tarar da wancan, har na yi wata guda ina rubuta wa mutane sunayensu a karkace. A murfinta akwai ɗan hoton kyanwa da mai ita ta farko ta manna. Ban taɓa ɓamɓare shi ba. Nakan zauna in ƙiyasta yarinyar a raina, tana karatu a bakin taga ƙanƙara na zuba, ba ta san cewa wata rana kwamfutarta za ta zo tana tsara katin ɗaurin auren mutanen Lausu ba.

Duk wanda ya zauna da ita zai yi mata shaidar haƙuri. Batirinta ya riga ta tafiya tun shekara biyu da suka wuce, amma ba ta taɓa nuna mini maraici ba. A kawo wuta ta tashi, a ɗauke ta kwanta, a tayar da janareta ta sake tashi ba tare da ta tambayi inda aka tsaya ba. Idan aiki ya yi mata yawa sai fankar cikinta ta ɗauki wani kuka, fuuu, kamar mai hura garwashi, cinyata ta yi zafi, ni kuwa in ɗauko murfin kwano ina yi mata fifita. Idan na kunna ta da safe takan yi ƙit, ƙit sau biyu, ta yi shiru kamar mai tuna mafarki, sannan ta haskaka. Tun jiya nake jiyo ƙit ɗin nan a kunnena, in waiwaya in ga ashe ƙadangare ne a kan kwanon shago.

Ta kuma iya riƙe sirri. A cikinta na rubuta wa Juwairiyya wasiƙa arba'in da ɗaya, uku kawai na iya aikawa, kuma har ta koma ba ta faɗa wa kowa abin da ke cikin sauran ba.

Dole in yi bayanin Juwairiyya, domin ba a fahimtar ciwon ajalin marigayiya sai da ita. Malamar firamare ce a Kibiya. Na karanta littattafan soyayya da yawa, na gida da na waje, na ga yadda marubuta suke wahalar da wata da taurari wajen siffanta mace. Ni dai abin da zan iya faɗa shi ne, ranar da ta fara shigowa shagona buga takardun jarrabawar 'yan ajinta, na ba ta canji sau biyu, ita ce ta dawo da ɗaya. Shekara guda muna fahimtar juna. Abin da ya rage shi ne a ba ni izinin turo manyana, kuma a gidansu mahaifinta ba ya yanke magana sai ya ji ta bakin babban ɗansa, Yaya Ƙasimu, mai motar ɗaukar hatsi tsakanin Kibiya da Kano. Yaya Ƙasimu mutum ne da ya yarda sana'a ita ce wadda ake gumi a cikinta. Ranar da na je gaishe shi ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "To Malam Salahu, ban da danne-dannen nan, me kake yi?"

Da bikinsa ya matso sai ya aiko mini da hotunansa shi da amaryarsa Bilkisu, ya ce in tsara kalandar da za a raba wa mahalarta, guda ɗari biyu. Juwairiyya ta bugo mini waya ta ce, "Ka gane ko? Jarrabawa ce. Idan ta yi kyau, ya ce zai yi wa Baba magana."

Daga nan ƙaddara ta fara saƙa. Na ƙudura cewa kalandar nan ba za a taɓa ganin irinta a Kibiya ba, sai na shiga bincike. Na karanta cewa fuskar kwamfuta idan ta tsufa launinta yakan kauce, abin da take nuna maka daban, abin da zai fito a takarda daban, kuma ƙwararru ba sa taɓa hoto sai sun daidaita launin fuskar tukuna. Suna da wata 'yar na'ura da ake ɗorawa a kan gilashin ta auna da kanta. Na tambaya a Rano, wanda na fara tambaya ya miƙo mini abin gwada wutar lantarki. Sai na koma ga ɗaya hanyar da na karanta, ta talaka: ka samo abu fari tas, ka ajiye shi kusa da fuskar a cikin haske mai kyau, ka riƙa matsa sandunan nan uku, ja da kore da shuɗi, har farin kwamfuta ya zama daidai da farin da ke hannunka.

Ina roƙon mai karatu ya tsaya ya tambayi kansa da gaskiya, a gidansu mene ne ya fi komai fari? A gidanmu amsar ɗaya ce, kuma duk unguwa ta sani: mayafin kakata Iya, wanda ta zo da shi daga aikin Hajji. Ba ta yarda kowa ya wanke mata shi, ba ta shanya shi inda kaji suke. Takardun shagona na dube su na ga duk sun yi mini dishi-dishi a kusa da shi. Na roƙe ta aro, ta ce mayafinta ba ya zuwa tasha shi kaɗai, sai dai su zo tare.

Haka aka yi. Ranar wata Laraba da hantsi na rufe ƙofa ɗaya ta shago don haske ya daidaita, na rataye mayafin a jikin kujera kusa da Baturiya, Iya ta zauna a kan benci ta zama alƙali. Na buɗe farin shafi.

"Wannan ne farin?" in ji Iya. "Maigida, ai wannan haƙorin mai cin goro ne."

Na matsa sandar shuɗi kaɗan.

"Ƙara. Da sauran dauɗa."

Na ƙara. Na rage ja. Baturiya ta yi fuuu, wanda yanzu na gane magiya ce take yi mini, amma a lokacin na ɗauka zafi ne.

"Ƙara dai, kai komai naka da tsoro-tsoro, shi ya sa har yau ba ka ajiye mace ba."

Na ƙara har sandar ta kusa ƙurewa. Iya ta matso da fuskarta, ta dubi mayafi, ta dubi kwamfuta, ta gyaɗa kai. "Yauwa. Yanzu ta wanku."

Na ji wani daɗi ya ratsa ni irin wanda masu binciken taurari suke ji. Na saya wa Iya tsire na kai ta gida a Keke.

Da na buɗe hoton ango da amarya a sabuwar fuskar, sai na ga sun yi fari-fatau, leɓunansu sun yi toka, kamar an tsamo su daga rijiya. Na ce Allah sarki, ashe mai ɗaukar hoton ne ya cuce su, da ban gyara fuskar ba da ban gani ba. Na shiga zuba musu ɗumi. Na ƙara ja, na ƙara ruwan ɗorawa, na sake ƙarawa, har jini ya dawo musu, Bilkisu ta yi kyau kamar fitowar rana a kan duwatsun Rano. Na tura hoton cikin wayata don in aika Kano, na ga a wayar ya yi wani ja-ja. Na yi murmushi na ce, waya ai ba a daidaita ta ba.

Malam Shitu, mai buga mini aiki a Kano, dattijo ne mai amana, kuma ina so a rubuta cewa ba shi da laifi ko na ƙwayar gero. Ya kira ni ya ce, "Salahu, hoton nan haka kake so a buga shi? Na ga mutanen kamar sun kwana a tukunya." Na gyara murya na ce, "Malam, taku fuskar ce ba a saita ba. Tawa an saita ta. A buga haka." Ya ce to. Ya buga, ya naɗe kowace kalanda ya sa mata roba, aka cika kwali, motar Yaya Ƙasimu da kanta ta ɗauko daga Kano ranar biki da safe. Mata suka zuba su cikin jakunkunan rabo a naɗe, ba wanda ya warware. Sai da kowa ya koma gida.

Na ga tawa washegari. Farar shaddar ango ta koma ruwan ƙwai. Leshin amarya mai ruwan sararin samaniya ya koma miyar kuka. Fuskokinsu kuwa, ban san yadda zan faɗa da ladabi ba, manja ne. Yaya Ƙasimu baƙi ne mai kyan baƙi, yana alfahari da hakan, ga shi a bangon gidaje ɗari biyu yana ƙyalli kamar an soya shi. Kafin azahar direbobin tashar Kibiya sun fara tambayarsa wane mai yake shafawa, su ma a sayo musu. Kafin la'asar sunan Ango Mai Manja ya iso Rano a bakin wani ɗan acaɓa da bai ma san ni na yi aikin ba.

Saƙon Juwairiyya gajere ne: "Yaya ya ce da gangan ka yi, don ya ce ba ka da sana'a. Ya ce kada a sake yi masa maganarka."

Na buɗe Baturiya na dubi hoton. Ga shi nan lafiya lau, kyakkyawa, ba manja ba kuka. Na ce to ga shaidata. Idan Yaya Ƙasimu ya ga abin da idona ya gani, zai san ban yi don wulaƙanci ba. Ranar Asabar na sa ta a jaka na hau babur na kama hanyar Kibiya, hadari yana haɗowa ta gabas ina ganinsa, na ce zan riga shi. Bai bari ba. Ruwa ya sauko mini a tsakiyar gonaki, inda babu ko rumfar mai rake. Na tuɓe rigar ruwana na naɗe jakar da ita, na cusa a ƙirjina, na sunkuya a kanta ina tuƙi. A raina ina jin kaina kamar jaruman da nake karantawa, masu ratsa kogi da takobi a baki. Wanda ya gan ni dai ya ga mutum ne jiƙaƙƙe yana tafiya kamar kaza.

Na sami Yaya Ƙasimu a zauren gidansu. Ya amsa sallamata da ƙyar. Na ce, "Yaya, ban zo da baki ba, na zo da shaida. A taimaka mini da wuta." Ya sa aka jawo waya daga cikin gida, Juwairiyya ce ta kawo, ta tsaya daga bakin ƙofa. Na goge marigayiya da gefen hulata na kunna. Ta yi ƙit, ta daɗe, ta yi na biyun. Hoton ya fito.

Yaya Ƙasimu ya duba ya daɗe. "To ai nan mutane ne," ya ce. "Wa ya soya mu a hanya? Mai bugawa?"

Ga ƙofa a buɗe, in na ce e shi ke nan. Amma muryar Malam Shitu tana kunnena. Na ce, "A'a Yaya, shi har gargaɗina ya yi."

Juwairiyya ta matso. Malamar makaranta ba ta rabuwa da littafi, ta yage farar takarda ɗaya ta kara a gefen fuskar, inda farin shafi yake. A kusa da takardar nan, farin Baturiya ya fito shuɗi ƙarara, kamar ruwan da aka tsoma shuni.

"Malam, da me ka auna farin nan?"

"Da mayafin Iya. Na Makka."

Ta dube ni, ta dubi yayanta, ta sa gefen hijabinta ta rufe baki. "Iya ba ta sa masa bula in ta wanke?"

Jama'a, na karanta bayanin daidaita launi na mutane daban-daban har guda tara, ba wanda ya ce a kiyayi bula. Ba su san mu ba. Ba su san cewa a wurinmu farin kaya bai cika fari ba sai an ɗauraye shi a ruwan bula ya ɗauki ɗan shuɗin nan, kuma idonmu ya saba har ba ma ganinsa. Shekara goma sha Iya tana tsoma mayafin nan. Ni kuma na zaunar da baiwar Allah, mai gaskiya tun daga Turai, na tilasta mata ta rantse cewa shuɗi fari ne. Da ta nuna mini mutane a shuɗe, na zuba musu ja don su warke daga ciwon da ba su da shi.

Na sa hannu zan mayar da sandunan inda suke, ko ta samu ta faɗi gaskiya sau ɗaya a gaban surukai. Ban kai ba. Wani layi kore ya ratsa fuskarta daga sama har ƙasa, na biyu ya biyo shi, fankar ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba, siriri, tsiii, sannan duhu. Ashe ruwa ya shiga ta ƙasan jakar. Yaya Ƙasimu bai yi dariya ba, bai kuma ce komai a kan maganarmu ba. Ya ce a ba ni busasshiyar riga, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Na dawo Rano da rigar wani da majinyaciya a ƙirji, ko da yake a lokacin ban san ciwon ajali ba ne.

An yi iya ƙoƙari. Mato ya kwance ta ya busa mata iska mai zafi. Maƙwabcina mai shayi ya ce a binne ta cikin buhun shinkafa, aka binne ta kwana guda. Iya ta ce a shanya ta a kan rufi tare da barkono, kuma har yanzu ba ta yarda da laifin mayafinta ba. "Ni na ce ka auna injin Nasara da kayan sallata? Fari dai fari ne, je ka tambayi kowa." Ranar Talata da hantsi ƙaramar fitilarta ta gefe ta yi ƙyaf sau ɗaya ta mutu. Mato ya ajiye abin kwance notinsa, ya cire tabarau ya ce, "Salahu, sai haƙuri."

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da maus wanda dama ba ya jin magana sai an buga shi a tebur, da filash biyu, da jakar da ta ci amanarta. Ta bar ma'ajiyar cikinta, wadda Mato ya ciro da rai, da wasiƙu talatin da takwas a ciki. Ta kuma bar kalanda ɗari biyu a faɗin Kibiya da kewaye, waɗanda za su ci gaba da tuna wa jama'a da ita har ƙarshen shekara.

Masu ta'aziyya sun fara zuwa tun ranar, ina godiya. Jiya da la'asar ina zaune a shago ina kallon inda take zama, sai motar hatsi ta tsaya a bakin titi, Yaya Ƙasimu ya sauko. Na miƙe har ina ture benci. Ya zauna, ya ɗauki cajar ya jujjuya.

"Ashe ta tafi."

"Ta tafi, Yaya."

"Allah ya mayar da alheri." Ya dube ni. "Ni na ɗauka raini ne. Sai na ga mutum ya tuɓe rigar ruwansa ya rufa wa kayan aikinsa, shi ya sha dukan ruwa. Na kuma buɗe maka hanya ka ɗora wa mai bugawa, ka ƙi. Direba nake ɗauka aiki, na san abin da nake dubawa." Ya ajiye cajar. "Bilkisu ma ta rataye ɗaya a ɗaki. Wai tun da ta san ni ban taɓa haske haka ba."

Ban san ko dariya ake so in yi ba, sai na dubi ƙasa.

"Na yi wa Baba magana. Ku turo manyanku ranar Asabar bayan azahar." Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Amma Malam Salahu, kalandar bikin nan naku, a kai wa wani."

Game da jana'iza, na tambayi malamai sun ce ba a yi wa irinta salla, wanka kuwa Mato ya ce wanda ta sha a hanyar Kibiya ya isa. Za a raba abin da ke da amfani a jikinta ga 'yan uwanta marasa lafiya da ke kwance a shagon Mato, kamar yadda na tabbata za ta so. Gangar jikin za a naɗe ta a ɗora a saman kantar shagona gobe Alhamis da ƙarfe goma na safe, wanda ya samu hali ya halarta. Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a shagon, bayan tashar Rano, daga la'asar zuwa magariba har ranar Juma'a. Akwai shayi. Ana roƙon masu zuwa daga Kibiya kada su taho da kalanda don a nuna mini, na gani.

Ranar Asabar babu zaman makoki, shago a rufe yake. Baffana da liman da mutum biyu za su tafi Kibiya, ni kuma an ce ba a zuwa da mai neman, don haka zan zauna a gida kusa da waya. Wanda ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ya yi wa marigayiya fatan alheri daga waje, mu kuma ya sa mu a addu'a.